Ritaya ta kusa, abin da ya taru bai taka kara ya karya ba, ta ina ake farawa?

Baban Yara:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah tambaya gareni ga masana harkar kuɗi da kuma iyayenmu da suka riga suka ajiye aiki. Na haura 45, ma'aikaci ne ni, ana cire min fansho duk wata amma gaskiya duk sanda na duba abin da ya taru sai gabana ya faɗi don ko kusa bazai riƙe gida ba. Ga yara a makaranta ga iyaye ga 'yan uwa, albashi kafin wata ya raba ya tafi. Me ya kamata mutum irina ya fara yi yanzu? In lallaɓa in sayi fili ne, ko in riƙa tarawa a banki, ko in jira a bani garatuti in ja jari? Shawara nake so ta gaskiya ba ta daɗin baki ba.

Ɗan Kasuwa:
Wa alaikumus salam. Yaya kar ka wahalar da kanka, ƙasa ita ce magana. Fili ko gidan haya. Kuɗi a banki narkewa yake yi kana ji kana gani, amma ƙasa tana nan inda ka barta kuma ba a ƙara ƙirƙiro wata.

Mai Lissafi:
Wa alaikumus salam Baban Yara. Ni kafin a je ga me za a saya inaga akwai aikin da ya riga shi, kuma shi ne mutane suka fi gudu. Ka ɗauki takarda da biro kai da uwargida, ku rubuta abin da gidan yake ci a shekara, ba wanda kuke zato ba, wanda yake fita da gaske, har da ɗan abin da ake turawa wane da wance. Sai ku ware wanda zai ƙare kafin ritaya kamar kuɗin makaranta in yara za su gama da kuɗin motar zuwa ofis, ku ƙara wanda zai ƙaru, na farkonsu magani da asibiti. Abin da ya rage shi ne buƙatarka ta shekara bayan ka ajiye aiki.

Daga nan ka cire abin da kake da tabbacin zai riƙa shigowa. Misali buƙatar 1,000 ce a shekara, fansho zai baka 500, kana da wani ɗan haya 200, toh giɓinka 300 ne. Wannan 300 ɗin ita ce matsalarka, ba 1,000 ba. Da yawa tsoro ke kashe musu jiki saboda suna kallon duka adadin, sai su ce ai ba zai yiwu ba su haƙura gaba ɗaya.

Baban Yara:
Na gane Malam. Toh in na san giɓin, nawa zan tara ya cike shi?

Mai Lissafi:
Akwai wani ma'auni da masu ba da shawarar kuɗi ke yawan amfani da shi. Wani Ba'amurke William Bengen ne ya fitar da shi a 1994, ya bi tarihin kasuwar hannun jari da takardun lamunin Amurka tun daga 1926, ya ga cewa wanda ya ciri kashi 4 cikin ɗari na abin da ya tara a shekarar farko, sannan yana ƙarawa daidai da tashin farashi, kuɗin ya kai shi shekara 30 ko a mafi munin lokutan da ya duba. In ka juya lissafin, giɓinka sau 25 kenan. 300 sau 25, 7,500.

Amma fa a lura, da kasuwar Amurka aka yi wannan lissafin. Inda farashi ke tashi da gudu ko kasuwa bata da ƙarfi, kashi 4 na iya yin yawa. Ka ɗauke shi a matsayin abin auna nisan tafiya kawai.

Tsohon Ma'aikaci:
Ɗana Baban Yara, ni na ajiye aiki da daɗewa, bari in yi maka magana a kan abu na uku da ka ambata don shi ya fi tayar min da hankali. Maganar jiran garatuti a ja jari. Don girman Allah kar ka yi. Na ga abokan aiki da idona, mutane masu hankali waɗanda suka riƙe ofis shekara talatin ba a taɓa samunsu da kuskuren kwabo ba, an basu dunƙulen kuɗi sun shiga sana'ar da basu taɓa yi ba, wani motocin haya wani kiwo wani shago, kafin shekara biyu babu uwa babu riba. Akwai ɗaya da na je dubawa, yana zaune a ƙofar gida da tulin rasiɗai a cikin jakar leda yana ta juya su yana son ya gano inda kuɗin ya bi, direba ya ce gyara, yaron shago ya ce bashi, kowa da abin da zai faɗa. Kuma ba wauta ce ta kai shi ba. Kasuwanci ilimi ne da ake biyan kuɗin makarantarsa da asara, mai shekara 30 in ya faɗi yana da albashi da ƙarfi da lokacin tashi, mai 60 da me zai tashi?

In kana sha'awar sana'a ka fara ta yanzu da ƙaramin jari, albashi na tallafa maka, ka yi asararka ƙarama ka koya. In ta kai shekaru tana tsaye da ƙafarta toh ranar ritaya sai ka koma cikinta. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sannan ranar da kuɗin nan ya shigo wallahi za ka ga masoyan da baka san kana da su ba. Kowa da shawara kowa da buƙata. Ka bar shi ya kwana wata uku ko shida baka taɓa ba, hankalinka ya dawo jikinka tukuna.

Maman Biyu:
Baba Allah ya saka da alheri, wannan magana haka take.

Ɗan Kasuwa:
Baba na yarda da kai ɗari bisa ɗari, shi ya sa na ce ƙasa. Ba direba ba yaron shago.

Mai Lissafi:
Ɗan Kasuwa ban ƙi taka ba amma a faɗi duka. Fili baya biyan kuɗin magani ranar da ciwo ya tashi cikin dare, sai ka sa shi a kasuwa, kuma mai saye in ya gane a matse kake sai ya taya yadda ya ga dama. Gidan haya kuma mutane na lissafa kuɗin haya su manta da sauran. Ka gina da 1,000, haya 60 a shekara, cire gyaran rufi da famfo da fenti, cire watannin da ɗaki ke zama ba kowa, cire ɗan hayan da ya ƙi biya, cire haraji da ladan dillali, sai ka ga 40 ta rage ko ƙasa da haka. Yana da kyau, musamman da yake haya na bin farashi tana tashi, amma ba shi kaɗai ba. Kuma dattijo ɗan 75 yana bin 'yan haya yana rigima, shi ma aiki ne.

Gidan da mutum zai zauna a ciki kam wannan daban, in akwai hali a mallake shi kafin ritaya, don biyan haya da kuɗin fansho yana cin rai.

Ɗan Kasuwa:
Toh amma dai ka yarda ya fi banki.

Mai Lissafi:
Ya fi kuɗin da aka jibge a asusu baya motsi, wannan na yarda. Akwai lissafi mai sauƙi, ka raba 72 da yawan tashin farashi a shekara, zai baka shekarun da darajar kuɗinka za ta rabe biyu. In farashi na tashi kashi 6, shekara 12. In kashi 10 ne, wajen shekara 7. In ya kai kashi 20, bai cika shekara 4 ba. Yanzu ka ɗauka mutum ya yi ritaya a 60 Allah ya bashi rai har 80, a kashi 10 kuɗinsa ya rabe biyu kusan sau uku kenan, abin da ke sayen kaya takwas ya koma sayen ɗaya. Adadin da ke rubuce bai ragu ba ko kaɗan, abin da zai saya ne ya tafi. Mafi munin misali Zimbabuwe a 2008, mutanen da suka yi aiki duk rayuwarsu fanshonsu ya zama ba komai, har a farkon 2009 aka fitar da takardar kuɗi ta dalar Zimbabuwe tiriliyan 100. A Lebanon kuma daga 2019 bankuna suka taƙaita cire kuɗi, mutum na da ajiya amma bai isa ya ɗauka yadda yake so ba.

Abin da nake so in ce, kowane waje da irin haɗarinsa. Kuɗin hannu farashi ke cinsa, fili baya sayuwa da wuri, hannun jari yana faɗuwa. Shi ya sa ake rarrabawa. Ma'aikatan kamfanin Enron a Amurka da yawansu sun zuba ajiyar ritayarsu a hannun jarin kamfanin da suke wa aiki, da ya rushe a 2001 aiki ya tafi ajiya ta tafi lokaci guda.

Abu Ammar:
Ni dai ina ganin duk wannan lissafin ya yi yawa. Ka tarbiyyantar da 'ya'yanka ka basu ilimi, su ne fanshonka. Iyayenmu da me suka yi ritaya? Arziki na Allah ne.

Maman Biyu:
Malam Abu Ammar arziki na Allah ne babu mai ja, amma an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali. Kuma Annabi Yusuf alaihis salam ai tanadin shekara bakwai ya tsara saboda shekara bakwai masu zuwa. Yaran nan da muke magana, lokacin da mu za mu tsufa su kuma lokacin suke fama da haya da nasu ƙananan yaran, wani ma bai samu aiki ba. Ɗa na gari zai yi maka ko baka tambaya ba, amma akwai bambanci tsakanin ya kawo don jin daɗi da neman albarka, da kuma ya zama in bai turo ba babu maganin hawan jini a gidan. Ni wallahi bana son in zama dalilin da ɗana zai riƙa kwana ba barci. Shi Baban Yara da ya yi tambayar ai yanzu haka a tsakiya yake, iyaye a sama yara a ƙasa, shi ya sa bai iya tara komai ba, so kake shi ma ya miƙa wa nasa yaran irin wannan nauyin?

Abu Ammar:
Hajiya ban ce kar a yi tanadi ba. Amma kula da iyaye ba nauyi bane, lada ne.

Maman Biyu:
Lada ne ƙwarai, kuma ba za mu hana su ladan ba. Tanadinmu sauƙaƙa musu zai yi.

Kuma tunda na samu bakin magana bari in faɗi wadda ta fi damuna, duk maganar nan da maza ake yinta kamar su kaɗai ke tsufa. A kusan kowace ƙasa mata sun fi maza tsawon rai a matsakaici, ga shi sau da yawa miji ya girmi matar, ga shi da yawanmu mun bar aiki shekaru saboda raino ko bamu taɓa yin aikin albashi ba balle fansho. Ma'ana ita ce za ta fi daɗewa tana cin wannan tanadin kuma ita ce bata san komai a kansa ba. Na san wata baiwar Allah da mijinta ya rasu, ta san yana da ajiya ta san yana da fili amma bata san wane banki ba, bata san ina takardu suke ba, wayarsa a kulle da lambar sirri, ta yi ta yawo ofis ofis da takardar shaidar rasuwa a hannu. Dan Allah maza ku rubuta. Asusu kaza a wuri kaza, takardar fili tana wuri kaza, wane ina binsa wane yana bina. Ku duba sunan magajin da kuka cike a fom ɗin fansho tun ranar ɗaukar aiki, wani sunan mahaifinsa ne a kai kuma mahaifin ya rasu tuntuni. Mu mata kuma kowace ta samu nata tanadin da sunanta komai ƙanƙantarsa.

Tsohon Ma'aikaci:
'Yata kin faɗi gaskiya. A ƙara da wasiyya a rubuce da shaidu.

Ummu Khalil:
Tambayata ga Mai Lissafi, duk waɗannan abubuwan da kake cewa kuɗi ya riƙa haihuwa, ya za mu yi da maganar kuɗin ruwa? Ni shi ya hana ni saka kuɗi ko'ina.

Mai Lissafi:
Anti tambaya mai kyau, kuma akwai hanyoyi. Akwai sukuk, wanda maimakon ki ba da bashi a biya ki ruwa, kina da kaso ne a wata kadara ko aiki ana biyanki daga haya ko ribarsa. Malesiya ce kan gaba a wannan kasuwar, har gwamnatin Birtaniya ta fitar da nata a 2014. Akwai asusun hannun jari da ake tacewa a cire kamfanonin giya da caca da bankunan ruwa. Akwai takaful a madadin inshora. Ga zinare, ga gidan haya. Hukuncin kowanne dalla dalla kam malamai za ki tambaya ba ni ba. Abu ɗaya da zan ƙara a lissafi, kuɗin da ya kai nisabi ya shekara akwai zakka kashi 2.5, don haka barinsa a kwance ga zakka ga tashin farashi, dole dai a nema masa halastacciyar hanyar juyawa.

Auta:
Ni shekarata 26 yanzu na fara aiki, ina karantawa ne kawai, inaga maganar bata zo kaina ba tukuna ko?

Mai Lissafi:
Ƙanena kai ta fi shafa, don kana da abin da duk mu nan muka rasa, lokaci. Duba nan. Mutum biyu kowa na ajiye 100 a shekara, kuɗin na ƙaruwa kashi 5 ana mayar da ribar ciki. Na farko ya fara a 25 ya tsaya a 60, ya zuba 3,500 daga aljihunsa, zai tarar da wajen 9,000. Na biyu ya fara a 40, ya zuba 2,000, zai tarar da wajen 3,300. In na biyun yana son ya kamo na farko sai ya riƙa ajiye kusan 270 a shekara, kusan ninki uku. Riba ce ke haifar riba, kuma sai a shekarun ƙarshe abin ke yin kauri. Ka sa banki ya riƙa cirewa kai tsaye ranar da albashi ya shigo kafin ka gan shi, ko kashi 10 ne ko 5, duk ƙarin albashi ka tura rabinsa can kafin jikinka ya saba da shi.

Kuma ka riƙa tambayar nawa masu kula da asusun ke caja. Kashi 1 a shekara kamar ba komai, amma a misalin nan in ya mayar da kashi 5 zuwa 4, waccan 9,000 ɗin ta koma wajen 7,400. Kusan kashi ɗaya cikin biyar ya tafi a caji.

Baban Yara:
Malam wannan lissafin ai ni ya kashe wa jiki, nine na biyun har ma na wuce shi.

Mai Lissafi:
A'a Yaya, shekara goma sha wani abu ba kaɗan bace. Mai shekarunka yana da wasu ƙofofin. Na ɗaya bashi, duk wani bashi mai tsada ka kashe shi kafin ranar, kar ka shiga ritaya ana binka. Na biyu ranar da yaro ya gama makaranta kuɗin da kake biya masa kar ya narke cikin cefane, ka juya shi kai tsaye zuwa tanadi, nan ne mutane irinka ke samun babban tsalle. Na uku in tsarin fanshonku ya yarda da ƙarin zubi na ganin dama ka bincika, a ƙasashe da yawa akwai sassaucin haraji a kai. Sannan ba dole bane ranar ritaya ta zama ranar daina samu gaba ɗaya, ɗan aikin da zai kawo ko rabin giɓin nan na shekara biyar yana rage abin da za ka ciro sosai. Ka kuma ware kuɗin ko ta kwana na wata uku zuwa shida a inda hannu zai kai da sauri, don kar duk ƙaramar matsala ta sa ka fasa babban tanadin.

Tsohon Ma'aikaci:
Kuma kar kowa ya jingina da fansho shi kaɗai ko a wace ƙasa yake. Lokacin da shugaban gwamnatin Jamus Bismarck ya kafa fanshon tsufa a ƙasar a 1889, sai ka kai 70 ake fara biyanka, a zamanin da ba kowa ke kaiwa can ba. Yanzu mutane na daɗewa, gwamnatoci na ta neman yadda za su rage wa kansu nauyi. Faransa a 2023 ta ɗaga shekarun ritaya daga 62 zuwa 64 duk da zanga-zangar da aka yi ta yi. Chile da ta fara tsarin kowa da asusunsa a 1981 ana cire kashi 10 na albashi, a 2016 mutane suka cika tituna saboda abin da ke fitowa ya yi musu kaɗan. Doka na iya canzawa kana tsakiyar tafiya.

Sabon Shiga:
Jama'a ni akwai wani dandali da nake ciki suna ba da kashi 30 duk wata, an biya ni sau biyu, mai so ya yi min magana ta akwati.

Admin:
Sabon Shiga ba a tallan irin wannan a nan, na goge lambar da ka saka. Kuma don Allah in gaske kuɗinka na ciki ka cire uwar kuɗinka yau in za su baka. Babu halastaccen kasuwancin da ke ba da tabbacin kashi 30 duk wata. Biyan da aka yi maka daga kuɗin waɗanda suka shigo bayanka ne. Wani ɗan damfara a Amurka, Charles Ponzi, a 1920 alkawarin kashi 50 cikin kwana 45 ya yi, kuma na farko farko an biya su, shi ya jawo sauran. Wani mai juya wa mutane kuɗi a Amurka, Bernie Madoff, ya shekara da shekaru yana irin wannan damfarar kafin asirinsa ya tonu a 2008, cikin waɗanda ya cuta akwai tsofaffi da yawa da suka miƙa masa duk abin da suka tara. Masu irin wannan sun san lokacin da ɗan fansho ke karɓar dunƙulen kuɗi, shi suke nema.

Ummu Khalil:
Admin Allah ya biya. Mai Lissafi saura tambaya ɗaya, hannun jarin nan da kace yana faɗuwa, in ya faɗi daidai shekarar da mutum zai ajiye aiki fa?

Mai Lissafi:
Wannan shi ne babban haɗarinsa Anti. Daga ƙarshen 2007 zuwa Maris 2009 kasuwar Amurka ta zube fiye da rabi, sai a 2013 ta koma inda take. Wanda yake 30 a lokacin bai yi asarar komai ba in bai sayar ba, ƙara saye ma ya yi da araha. Wanda ya yi ritaya a 2008 kuma dole ya sayar don ya ci abinci, shi ya ji jiki. Don haka in saura shekara biyar ko bakwai sai a fara janye wani kaso a hankali zuwa abin da baya tangal-tangal sosai kamar sukuk na gwamnati, a ajiye abin da zai riƙe gida shekara biyu ko uku ba tare da an taɓa hannun jarin ba. Amma ba a fita duka, don ritayar kanta tana iya kai shekara 20 ko fiye kuma farashi bazai tsaya jiranki ba.

Ɗan Kasuwa:
Toh ni a wannan tsarin naka kaso nawa ka bar wa fili?

Mai Lissafi:
Ya danganta da ko kana da gidan zama tukuna da kuma nawa ke shigo maka duk wata ba tare da ka sayar da komai ba. Kai da baka da fansho ma lissafinka daban ne da na Baban Yara, giɓinka shi ne duka buƙatar. Turo min kimanin kason da ke cikin shago da wanda ke cikin ƙasa da wanda ke hannu, ba sai ka faɗi adadi ba, kashi kashi kawai, sai mu duba tare.